Farin Tabo

A Erzurum sanyi ba baƙo ba ne, shi ne mai gida.
Dusar ƙanƙara ta toshe rabin tagar ɗakin aikina
ranar da Fehmi ya shigo yana kakkaɓe hula,
hannu ɗaya a kunci, ɗaya riƙe da jikarsa Nergis.

Shekara talatin da huɗu yana jan babbar mota
a hanyar da ta ratsa tsaunuka zuwa iyaka,
kuma kowane zango, shayi.
Mu nan ba ma zuba sukari a kofi.
Mai tauri ake gutsura, a maƙale a kunci,
a riƙa kurɓar shayin ta kansa
har ya narke, a ɗauko wani.
Kofi ashirin a yini, in ji shi,
yana dariya da rabin baki.

Na haska fitila. Na ga abin da na san zan gani.

Ya ce, Likita, tsutsa ce ko?
Na ce, ba tsutsa, Baba.
'Yan haya gare ka da ido ba ya gani,
sun yada zango a gindin haƙori,
cikin dauɗar nan mai santsi da harshe ke ji da safe.
Ka ci, su ci.
Abin da suka ci su mayar da shi tsami,
su zubar a ƙofar gidan da ya ba su masauki.

Wannan ɓawo mai sheƙi, da ya fi ƙashi tauri,
gini ne, tubali kan tubali,
kalsiyam da fosfet, an jera su tun kana goye.
Tsami ba ya rushe katanga da rana ɗaya.
Zare tubali yake, ɗaya yau, biyu gobe,
ta ciki, irin ɓarnar gara,
ya bar maka fuskar bango sumul
kana wucewa kana cewa lafiya lau.

Amma kana da magini, na ce masa: miyau.
Da an gama ci yake fitowa da kayan aiki,
ya wanke tsami, ya mayar da abin da aka zare.
Ba ya neman lada. Shiru kawai yake so,
ɗan lokaci baki ya huta.
Kai kuwa tun asuba har dare
bai taɓa ɗora tubali ba sai ka aiko da sabon ruwa.
Da yayyafi kogi kan cika.
Ran nan rufin ya burma, rami ya kai ga jijiya,
shi ne ka kwana uku kana ƙirga taurari.

Na cire haƙorin. Ya dube shi a faranti
kamar tsohon abokin tafiya da aka bari a hanya.

Nergis, da ba wanda ya tambaye ta,
ta hau kujera ta wangame baki.
Can kusa da dasashi, a haƙorin gaba,
ga ɗan tabo fari fat, kamar an ɗiga alli,
ba sheƙi, ba rami tukuna.
Na ce, wannan bashi ne, ba asara ba.
Ana iya biya.
Na shafa mata fulorayid, ta yamutse fuska,
na nuna mata yadda buroshi ke bin lungu kafin barci.

Fehmi bai ce uffan ba, auduga cike da bakinsa.
Ya laluba aljihun kwat, ya fito da ƙunshin takarda,
wanda yakan buɗe mata a hanyar makaranta,
ya ajiye a teburina, ya ja hannunta.

Da yamma na dafa shayi ni kaɗai.
Na kurɓa, na ji harshena na yawo a kunci
yana neman abin da ya saba.
Ƙunshin na nan kusa da fitila.
Mun daɗe muna kallon juna.